Ƙwayoyi Biyu a Haɓar Zanin Inna

Gidan Malam Bala da ke Aliero gidan manoman albasa ne tun kakanni. Ba su rasa hatsi ba, ba su rasa sutura ba, kuma duk shekarar da albasa ta yi kyau za ka ga rumbunan kara jere a bayan gida, warinta har cikin ɗakunan kwana. Malam Bala mutum ne mai ƙarancin magana. Matarsa Inna Mairama ta fi shi shiru. 'Yarsu ta fari, Shafa'atu, shekararta ashirin da biyu, tana koyar da yara a Islamiyyar unguwa, kuma ita kaɗai ce mace cikin 'ya'yansu.

Abu ɗaya gidan ya rasa, shi ne magana tsakanin uwa da 'yarta.

Inna Mairama tana kunyar 'yar fari irin ta mutanen da. Tun da ta haifi Shafa'atu ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke" ko "wagga yarinya". Ranar da Shafa'atu ta fara ganin al'ada, maƙwabciya aka kira ta yi mata bayani, Inna kuwa ta shige madafa ta daɗe ba ta fito ba. Ba rashin so ba ne. Tsokar da ta fi kyau a tukunya kullum a kwanon Shafa'atu take sauka. Amma baki da baki, babu.

Shekara biyu aka yi ana ja kafin Malam Bala ya yarda da Kamaluddeen. Saurayin ba shi da wani aibu a hali, sai dai ɗan rundawa ne, mahautan Jega, kuma dangi sun ce ba a taɓa kai 'yarsu gidan fawa ba. Wadda ta fi kowa ɗaga murya ita ce Goggo Laraba, yayar Malam Bala da ke aure a Karaye ta Maiyama, domin ta daɗe tana yi wa ɗanta Waliyyu tanadin Shafa'atu. Daga ƙarshe uban ya ce ya ba Kamaluddeen, aka tsayar cewa washegarin ƙaramar Sallah mutanen Jega za su zo sa rana.

Wata huɗu kafin azumi, mahaifiyar Kamaluddeen, Hajiya Iklima, ta zo ganin yarinya. Mace ce mai jiki da fara'a. Ta kama tsintsiyar hannun Shafa'atu da yatsu biyu, ta yi dariya.

"Wagga amarya tamu siririya awa lawashi. A gidanmu nama ke kwana, kada mutane su ce muna hana ta."

Kowa ya yi dariya, aka wuce wurin. Shafa'atu ce kaɗai ba ta wuce ba.

Ranar kasuwar Jega ta gaba ta tsaya wurin wata mata mai sayar da kayan gyaran jiki a cikin kwalla. Matar ta ɗaga tsumma ta ciro mata katin wasu ƙananan fararen ƙwayoyi, ta ce biyu da safe biyu da dare, kafin Sallah ba wanda zai gane ta.

Matar ba ta yi ƙarya ba. Cikin sati uku kumatun Shafa'atu suka ciko, maƙwabta suka fara cewa amarci ya karɓe ta tun kafin a kai ta. Sai kuma abin ya ƙi tsayawa inda take so. Fuskar ta zama zagaye kamar faifai. Cikinta ya taso, hannuwa da ƙafafu kuwa suna nan yadda suke. Wasu jajayen zane suka fito mata a mara. Barci ya gudu. Gashi biyu-uku suka tsiro a haɓarta, tana cire su a ɓoye.

Sannan al'adarta ta ɗauke. Wata ɗaya, wata biyu, wata uku.

Ta taɓa jin mata suna cewa irin waɗannan ƙwayoyi suna ƙona mahaifa. Tun daga ranar da ta tuna da wannan magana, duk lokacin da ta ga mace da goyo sai gabanta ya faɗi. Ba ta da yaya mace. Ba ta da bakin fuskantar Inna. Ana saura kwana uku jajiberen Sallah tsoro ya ci ƙarfinta, ta kwashe duk katunan da ke ƙarƙashin katifarta ta zuba a masai, ta yi wa Allah alkawarin ba za ta ƙara ba.

Ta ɗauka ta rabu da su ke nan.

*

Ranar jajibere da hantsi mata suka taru a gindin darbejiyar tsakar gida ana ƙunshi da kitso. Goggo Laraba tana nan, domin tun farkon azumi ta zo ta zauna da su, ta ce tafsirin Aliero ya fi na Karaye daɗi. Akwai maƙwabta biyu. Inna tana gefe tana tsince shinkafar gobe.

Kamar kowace shekara, hira ta gangaro kan ramuwa. Mace ba ta azumi a kwanakin al'adarta, sai ta rama bayan Sallah, don haka a irin wannan rana kowa kan faɗi nata ana dariya.

"Ni bakwai na sha bana," in ji ɗaya.

"Ke kin huta. Ni tara, ga biyu na bara suna harara ta."

Goggo ta miƙe ƙafarta da ke ƙunshe cikin leda, ta juyo.

"Ke fa, amaryar rundawa? Nawa kinka sha?"

Shafa'atu tana kwaɓa lalle. Ba ta ɗago ba.

"Shida, Goggo."

"Shida." Goggo ta maimaita a hankali kamar mai ɗanɗana gishirin miya. "Waɗanne shida ke nan, ɗiyata? Tun daren farko kafaɗata na jikin taki a sahun asham. Ban ga daren da wurinki ya zauna babu kowa ba. Sahur kuma tare munka yi ta yi."

Dariya ta tsaya. Mai kitso ta ci gaba da tsaga, amma idonta ya sauka a kan cikin Shafa'atu, daga nan ya hau fuskarta. Hannun Inna ya tsaya a cikin faifan shinkafa, sannan ya ci gaba da motsi.

Ba a daɗe ba maƙwabtan suka tuna suna da aiki a gida.

Goggo ta bi Shafa'atu har ɗaki, ledar ƙafarta tana ƙara, ta saki labule.

"Wata nawa rabonki da shi?"

"Uku."

"Na wa ne?"

Shafa'atu ta durƙusa. "Wallahi Goggo, ba wanda ya taɓa ni. Ko hannuna Yaya Kamal bai taɓa riƙewa ba."

"To mi ya kumbura ki? Iska?"

Amsar tana bakinta. Amma ta ga abin da zai biyo baya kamar a tafin hannu. In ta ce ƙwayoyi ne, kafin la'asar maganar ta kai Jega cewa yarinyar ta ƙona mahaifarta da hannunta, kuma wace uwa ce za ta zo sa wa ɗanta rana da wadda ba za ta haihu ba? Zargin ciki, in ta daure, watanni za su wanke ta. Wancan kuwa ba abin da zai wanke shi.

Ta yi shiru. Goggo ta ɗauki shirun a matsayin amsa.

*

Da safen Sallah Shafa'atu ta kasa tashi.

Ƙafafunta sun yi kamar ba nata ba. Kanta yana juyawa, gumi mai sanyi yana keto mata. Da ƙamshin miyar taushe ya shigo ɗakin sai zuciyarta ta tashi, ta rarrafa zuwa bakin rariya ta yi ta amai har ba abin da ya rage. Sabuwar atamfarta tana ninke a kan gado, lallenta ya kama ja wur, amma ba ta je Idi ba.

Goggo tana tsaye da mayafinta tana kallo.

"Amai da safe," ta ce da Inna. "Mairama, ke ma kin haihu. Sai ki gaya min mi ya rage."

Inna ta kawo ruwa a buta ta ajiye kusa da 'yarta, ta wanke wurin, ta koma madafa.

Bayan an sauko daga Idi Malam Bala ya kira Shafa'atu turakarsa. Bai cire babbar rigarsa ba. Goggo tana zaune a gefensa. Inuwar Inna tana bayan labule.

Bai dube ta ba. Tabarma yake kallo.

"Abin da yayata ta faɗa min, gaskiya ne?"

"Baba, ban yi komai ba."

"Azumi talatin kinka yi?"

"Talatin."

"Kinka ce shida kinka sha?"

"Na ce."

"Don mi?"

Hawaye kawai ke zuba. Tana jin bugun zuciyarta a kunnuwanta, da sauri amma ba ƙarfi.

Goggo ta gyara zama, ta sassauta murya. "Bala, tun farko na gaya maka gidan nan ba namu ba ne, ka ƙi ji. Yanzu ba lokacin faɗa ba ne. Ɗiyarmu ce, ba mu yar da ita. Ka bar min ita in tahi da ita Karaye gobe da asuba, ta zauna wurina har Allah ya sauke ta, ba wanda zai gani. Bayan nan Waliyyu ɗanka ne. Ya riga ya ce min shi ko mi ya faru yana so. Jini ɗaya ne, asirinmu ya rufu cikin gida."

"Goggo, don Allah," Shafa'atu ta ce. "Baba, don Allah, kada a kai ni. Ku ba ni lokaci kawai, za ku gani."

"Lokacin da ciki zai fito kowa ya gani?" in ji Goggo.

Da Malam Bala ya yi magana, muryarsa ta tsufa.

"Shekara biyu ina tare miki dangi a kan yaron nan. Tashi ki je. Bayan magariba zan kira mahaifinsa in ce kada su zo gobe."

Ta fito tana dafa bango. Ta wuce ta gaban Inna, kusa har zaninsu ya gogi juna. Ta jira ko kalma ɗaya. Inna ta buɗe baki, ta rufe, hannunta yana murza haɓar zaninta.

*

Da la'asar aka ce ana sallama da Shafa'atu a zaure.

Kamaluddeen yana tsaye cikin farar shadda, da ƙunshin kilishi a hannu wanda shi da kansa ya yanka ya shanya mata tun tsakiyar azumi. Da ya gan ta sai fara'ar da ya shirya ta ɓace.

"Shafa, mi ya same ki? Leɓunanki sun yi fari."

"Zazzaɓi ne. Barka da Sallah, Yaya Kamal."

Ta zauna a kan dakali. Ya ajiye ƙunshin, ya tsuguna nesa kaɗan kamar yadda ya saba.

"Zan gaya miki wata magana, kada ki ji haushina. Jiya da yamma wata ta kira Hajiya a waya. Yau a filin Idi mata biyu sun tare ta suna yi mata jaje. Ta dawo gida ko abinci ba ta ci ba. Ta sa ni a ɗaki ta ba ni Alƙur'ani."

"Ka rantse?"

"Na rantse, don na san kaina. Sai ta ce, to in ba kai ba ne, wa ne?"

Zauren ya yi mata duhu-duhu. Ta riƙe gefen dakalin.

"Kai mi ka ce?"

"Na ce ba kowa. Na ce na san wadda nake nema. Shekara biyu ina zuwa zauren nan, ko mayafinki bai taɓa zamewa a gabana ba." Idanunsa sun kaɗa. "Amma Shafa, ni ma ina da ido. Wata uku ke nan ina ganin kina canzawa. Kin daina dariya. In na tambaye ki sai ki ce lafiya. Akwai abin da kike ɓoye min. Ban ce wancan ne ba, wallahi ban ce ba. Amma akwai."

"In na gaya maka za ka tafi."

"Gwada ni."

"Ba kai ba, Hajiya. Ba za ta yarda ba. Kuma tana da gaskiya, kai kaɗai ne namiji a ɗakinta, tana son ta ga 'ya'yanka." Kuka ya ƙwace mata. "Baba zai kira gidanku bayan magariba. Gobe da asuba Goggo za ta tafi da ni Karaye. Sun ba Waliyyu."

Ya miƙe tsaye. "Sun ba wa? A kan maganar da ba wanda ya tabbatar? Shafa, ki buɗe baki. Kalma ɗaya daga gare ki, ni zan shiga in durƙusa gaban Baba yanzu. Amma da mi zan shiga? Hannuna ba komai. Kina barin su suna binne mu da rai, kina kallo."

"Ina tsoro, Yaya Kamal."

"Tsoron mi?"

"Na yi wa kaina wani abu. Don in yi kyau a idon... don kada a ce..."

Ta yunƙura ta tashi, tana so ta faɗa masa a tsaye. Ƙasa ta karkata. Ta ji muryarsa tana kiran sunanta daga nesa, sannan ta ji sanyin daɓen zauren a kumatunta.

*

Abin da ya biyo baya, gutsi-gutsi ta riƙa jin sa, kamar mai sauraro daga ƙasan rijiya.

Ta ji ƙugin mota. Ta ji kanta a kan cinyar wani, da warin hayaƙin madafa a zani, ta gane Inna ce. Ta ji tsinin allura a hannunta, da muryar wata mata mai natsuwa tana ba da umarni. Daga baya ta san sunanta Malama Zinatu, ma'aikaciyar jinyar da aikin ranar Sallah ya faɗo a kanta a asibitin gari.

"Awon jininta ya sauka ƙwarai," muryar ta ce. "Na sa mata ruwa amma ba ya hawa yadda nake so. Ku gaya min gaskiya, akwai maganin da take sha?"

"Ciki ne, malama," in ji Goggo. "Wata uku. Ki yi abin da za ki yi cikin sirri."

"Wannan za mu auna mu gani. Magani nake tambaya. Wa ke kwana kusa da ita? Ina mahaifiyarta?"

Shafa'atu tana so ta yi magana, harshenta ya yi nauyi kamar dutse. A ranta ta ce, ke nan haka zan mutu, da sunan da ba nawa ba.

Sai ta ji motsin zani, da ƙaramar ƙarar ƙulli ana kwance shi.

"Ga wanga." Muryar Inna ce, tana rawa. "Guntun kati ne, saura biyu a ciki. Na tsince shi a ƙarƙashin katifarta ina shara, sati biyar ke nan. Ni ajami kaɗai na iya, ban san mi anka rubuta a bayansa ba. Na so in kai a karanta min, na ga duk wanda na kai wa na tona mata asiri. Na so in tambaye ta, na kasa. Jiya na duba, sauran duk babu. Ina jin ta zubar."

"Yaushe ta zubar?"

"Daren ashirin da bakwai na ji ta fita da su."

Malama Zinatu ba ta ƙara tambaya ba. Shafa'atu ta ji takunta da sauri, ta ji tana magana da likita a waya, sannan wata allurar ta shiga ta cikin robar ruwan.

Kafin a kira magariba ɗakin ya daina juyawa.

*

Da ta buɗe ido sosai, Malama Zinatu tana zaune a bakin gadon da takarda a hannu. Inna tana tsaye a kusurwa. Goggo tana kan kujera. Ta ƙofar da aka bari a buɗe tana hango babbar rigar Baba a kan benci, da farar shaddar Kamaluddeen a tsaye kusa da shi, gabanta ya ɓaci da ƙasar zaure.

"Sannu, ƙanwata," in ji Malama Zinatu. Sannan ta ɗaga murya daidai yadda na waje za su ji. "Na auna. Babu ciki, kuma babu alamar an taɓa yi."

Daga waje aka ji Malam Bala yana salati a hankali.

Ta juyo ga Shafa'atu, ta nuna mata guntun katin. "Wannan magani ne na gaske, amma na masu tsananin asma ne da wasu cututtuka, kuma likita ke ba da shi da awo. Ba ƙiba yake sawa ba, kumburi ne. Jikin mutum yana da wani sinadari da yake yi da kansa, wanda ke riƙe jini da ƙarfi. In kin daɗe kina shan wannan, sai jiki ya ga ana kawo masa daga waje, ya daina yin nasa. Sauran sinadaran da ke tafiyar da al'adar mace su ma su rikice. Da kika zubar gaba ɗaya rana ɗaya, sai kika bar jikin ba na waje ba na ciki, ga azumi a kai. Da an kai gobe, da wata maganar ake yi. Ba a yanke shi haka. A hankali za mu riƙa rage miki har jikinki ya farka."

Shafa'atu ta tattara duk ƙarfin da ya rage mata ta yi tambayar da ta hana ta barci wata uku.

"Mahaifata ta ƙone?"

"Wa ya gaya miki? Ba ta ƙone ba. In kin bi magani, kika ci abinci na kirki, kika samu barci, kika daina wahalar da kanki don bakin mutane, muna sa ran al'adarki ta dawo. Amma sai an yi haƙuri, zai iya ɗaukar watanni, kuma za ki riƙa zuwa muna dubawa. Duk shekara in Sallah ta matso sai an kawo min irinki. Ke kin yi sa'a mahaifiyarki ta adana wannan."

Goggo ta gyara mayafi. "To, Alhamdulillahi. Amma ai kun ji, watanni. Mutanen Jega ba za su jira abin da ba tabbas ba. Bala, maganarmu tana nan, in tahi da ita ta yi jinya wurina, Waliyyu kuma..."

"Shafa'atu ba ta zuwa ko'ina."

Kowa ya juya. Inna ce. Ta fito daga kusurwar, ta zo ta tsaya tsakanin gadon da kujerar Goggo. Fuskarta ta jiƙe, amma muryar ta daina rawa.

"Yaya Laraba, kin ƙirga mata kwana talatin kin faɗa gaban maƙwabta. Ni ma na ƙirga, tun kafin ki zo, wata uku ina ƙirgawa, na yi shiru. Ke bakinki ya kusa kashe ta, ni shiruna. Ɗiyata ce. A ɗakina za ta yi jinya."

Shekara ashirin da biyu, yau ne karon farko da Shafa'atu ta ji sunanta a bakin da ya haife ta. Ta lumshe ido, ta ji kamar an kira wata ce, sannan ta gane ita ce.

Malam Bala ya taso ya tsaya a bakin ƙofa. Ya dubi matarsa kamar bai taɓa ganinta ba, ya dubi wayar da ke hannunsa, ya mayar da ita aljihu.

"Kamalu," ya ce, "ka ji komai da kunnenka. Har da watannin. Ban ɓoye maka ba, kuma ba zan ɓoye wa gidanku ba. Mi ka ce?"

Kamaluddeen ya durƙusa. "Baba, ni ina nan inda nake. Ko shekara ce zan jira. Amma ina so in san abu ɗaya." Ya ɗago kai ya dubi gadon. "Shafa, wa ya ce miki ba ki yi ba yadda kike?"

Inna ce ta amsa, ba tare da ɗaci ba.

"Hajiyarka ta yi wasa ranar da ta zo. Ta ce lawashi. Ba da mugun nufi ta faɗa ba, ina wurin, ni ma na yi dariya."

Fuskarsa ta canza.

"Zan je in gaya mata duka," ya ce.

"Ka gaya mata babu ciki, ka tsaya nan," in ji Inna. "Sauran ni zan faɗa mata, uwa da uwa. Ka ce mata Mairama na roƙon ta zo gobe kamar yadda anka shirya, amma nan asibiti, ba gida ba. Ta ga yarinyar da idonta, ta ji daga bakin malama. In ta sa rana, to. In ta fasa, ta fasa a gabana."

Jim kaɗan suka ji babur ɗinsa ya tashi ya kama hanyar Jega.

Tsoron bai bar Shafa'atu ba. Ba ta san da wace fuska Hajiya Iklima za ta shigo gobe ba, ko ma za ta shigo. Ba ta san wata nawa jikinta zai ɗauka kafin ya yafe mata ba. Goggo ta fita alwala.

Inna ta zauna a bakin gadon, wurin da ba ta taɓa zama ba. Ta buɗe ƙunshin kilishin da wani ya tsinto daga zaure, ta yago ɗan kaɗan, ta tausasa shi da yatsunta, ta kai bakin 'yarta.

"Ci, Shafa'atu. Daga yau duk abin da jikinki ya yi, ni za ki fara gaya wa. Ni ma zan koyi tambaya."

Shafa'atu ta karɓa tana kallon haɓar zanin, inda ƙullin sati biyar ya bar tamoji bai miƙe ba. A nan ta gane cewa duk watannin da ta yi tana tsoro ita kaɗai a ɗaki, Inna tana bayan bango tana tsoron tare da ita, kuma da ɗayarsu ta yi magana tun farko, da ba su zo wannan gadon ba.